Risibar kohirent: abin da lissafi ke gyarawa da abin da sai hannu

"Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin sadarwa, kuma aikin bincikena shi ne in haɗa risibar kohirent a ɗakin gwaji daga kayayyaki ɗai-ɗai, don karɓar sigina mai tsarin QPSK a fuska biyu, alama biliyan 32 a sakan. Duk inda na karanta sai in ga an ce yanzu DSP na gyara komai. To in haka ne, me ya sa har yanzu ake buƙatar fotodayod takwas da leza mai siririn layi? Sannan na ƙara ƙarfin lezar gida har ƙarshe, amma kurakuran ba su ragu ba, sai ma suka ƙaru. A ina ya kamata in sa ƙarfina?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka daidai, abu biyu ke cin ranka. Na farko, me ya rage wa mai haɗa risiba tunda an ce lissafi ya ɗauke nauyin. Na biyu, me ya sa ƙarin haske ya jawo maka ƙarin kuskure. Tushensu ɗaya ne. DSP, wato lissafin da ake yi wa sigina bayan ta koma lambobi, ba ya ganin haske, lambobin da na'urar ADC, mai mayar da siginar lantarki lambobi, ta miƙa masa kawai yake gani. Duk ɓarnar da ta iso masa a rubuce dalla-dalla, zai iya warware ta komai girmanta. Amma abin da aka datse, ko aka binne cikin hayaniya, ko aka debe ba daidai ba tun kafin a kai ga ADC, ya tafi ke nan. Aikinka yana cikin wannan ɗan tsakanin, daga bakin faiba zuwa bakin ADC, kuma a ganina an raina wurin fiye da kima a 'yan shekarun nan.

Abin da lezar gida ke yi

Hasken da ake aikawa a tsawon zango na nanomita 1550 yana kaɗawa kusan sau tiriliyan 193 a sakan. Babu na'urar lantarkin da za ta bi wannan gudun. Fotodayod ƙarfin haske kaɗai take ji: haske ya ƙaru, kwararar lantarki ta ƙaru, shi ke nan. Kusurwar igiyar, wato inda take a cikin zagayenta a kowane lokaci, da fuskar da take kaɗawa, duk suna ɓacewa a wurin. Shi kuwa QPSK a cikin kusurwa ya ɓoye saƙonsa, kowace alama ɗigo ce a kan ɗaya daga kusurwa huɗu.

Dabarar kohirent ita ce a haɗa hasken da ya iso da na wata leza da ke cikin risibar kanta, wato lezar gida, kafin su faɗa kan fotodayod. Sai kwararar ta fito kashi uku: kason sigina shi kaɗai, kason lezar gida shi kaɗai, da kason gamayya, wanda girmansa ya kai ninki biyu na tushen murabba'in ƙarfin sigina sau ƙarfin lezar gida, yana hawa yana sauka gwargwadon bambancin kusurwar da ke tsakaninsu. Ɗauki misali. Sigina ta iso da maikirowat 10, fotodayod tana ba da amfiya ɗaya a kowane wat. In kai tsaye aka karɓa, maikiro'amfiya 10 za a samu. In aka haɗa ta da leza mai miliwat 10, kason gamayyar zai kai kusan maikiro'amfiya 630 kafin a cire asarar hanya. Ninki sittin da ɗoriya, ga kuma kusurwar ta fito fili.

Wannan ribar ce ta ja masu bincike a shekarun 1980, irin su Takanori Okoshi da Kazuro Kikuchi a Jami'ar Tokyo. A lissafin ƙa'ida, risiba mai kulle kusurwa tana buƙatar foton 9 kacal a kowane bit don kuskure ɗaya cikin biliyan, alhali risibar kai-tsaye ta zamanin tana cin ɗaruruwa zuwa dubbai saboda hayaniyar lantarkinta. Sai ga amfilifayar haske ta faiba mai sinadarin erbiyam ta bayyana a 1987, daga ƙungiyar David Payne a Southampton ta Ingila da ta Emmanuel Desurvire a Bell Labs ta Amurka. Ta ba da jin haske mai rauni ba tare da wahalar kulle leza ba, aka jingine kohirent fiye da shekara goma. Da aka dawo kansa a tsakiyar shekarun 2000, dalilin ya canza. Abin da ake nema yanzu shi ne cikakken hoton igiyar hasken, girma da kusurwa da fuska, domin da shi ne ake warware ɓarnar faiba da lissafi. Kamfanin Nortel na Kanada ya fitar da na gigabit 40 a 2008, bayan nan ƙungiyar kamfanonin sadarwar haske ta OIF ta tsayar da QPSK mai fuska biyu a matsayin tsarin gigabit 100. Ka riƙe wannan sauyin dalili a ranka, don shi ne rabin amsar tambayarka ta biyu.

Dalilin takwas ɗin

Kason gamayya guda ɗaya kosayin kusurwa yake ba ka, shi kuwa kosayin digiri 45 da na digiri 315 duk ɗaya ne. Sai ka samu sayin ma kafin ka san inda ɗigon yake. Hanyoyi uku ne aka sani. Za ka iya kulle lezar gida daidai kan kusurwar mai aikawa da da'irar kulle ta haske. Wannan yana aiki, a 2008 taurarin ɗan'adam biyu, TerraSAR-X na Jamus da NFIRE na Amurka, sun yi musayar gigabit 5.6 a sakan ta wannan hanyar a nanomita 1064. Amma a sararin samaniya babu faiba mai baza sigina. A cikin faiba, kusurwar ba ta fitowa tsaf sai an warware bazuwar, ita kuwa da'irar kulle ba ta jure jinkiri. Hanya ta biyu, ka matsar da lezar gida nesa da sigina da gangan, ka karɓi komai a firikwensi na tsaka-tsaki. Fotodayod ɗinka za su ragu da rabi, amma faɗin zangon da lantarkinka zai ɗauka ya ninka, kuma a gudun da kake magana wannan ciniki ne na faɗuwa.

Ta uku ita ce wadda kowa ke bi yau. A bar lezar gida ta yi yawonta kusa da sigina, da ratar gigahaz ɗaya ko biyu, ba kulle, a shigar da su mahaɗar digiri 90 mai ƙofofin fita huɗu, inda hasken biyu ke gamuwa da bambancin digiri 0, 180, 90 da 270. Biyun farko su ba da I, wato kosayin, biyun ƙarshe su ba da Q, wato sayin. Tunda faiba tana jujjuya fuskar kaɗawa yadda ta ga dama, kuma haske ba ya gamayya sai da mai fuska irin tasa, dole a raba sigina fuska biyu, kowace da mahaɗarta. Fuska biyu, kowace da I da Q, kowanne da fotodayod biyu. Takwas ke nan, da amfilifayar TIA huɗu masu ƙarfafa kwararar fotodayod, da ADC huɗu.

Me ya sa kowanne sai da biyu? A nan gizo ke saƙar. Tagwayen fotodayod suna karɓar kason sigina iri ɗaya da kason lezar gida iri ɗaya, amma kason gamayyarsu kishiyar juna ne. In aka debe ɗaya daga ɗaya, abin da ba a so ya soke kansa, abin da ake so ya ninka. Sai dai wannan debewar a waya take faruwa, kafin ADC. DSP sakamakon kawai yake samu. In tagwayen ba su yi daidai ba, abin da ya zubo ya gauraya da sigina, kuma babu lissafin da zai raba su daga baya.

Me ya sa ƙarin haske ya ƙara maka kuskure

Hayaniya huɗu ke cikin risibarka, kowace da yadda take amsa ƙarfin lezar gida.

Hayaniyar zafi ta TIA ba ruwanta da leza, tana nan yadda take, a na'urori masu faɗin zango irin naka kusan fiko'amfiya 15 zuwa 20 a tushen haz. Hayaniyar ƙwayoyin haske, wadda ke zuwa saboda foton ɗai-ɗai suke sauka ba a jere ba, tana girma da tushen murabba'in kwarara: a miliamfiya ɗaya tana kusan fiko'amfiya 18 a tushen haz. Ka ga ke nan, da zarar kowace fotodayod ta kai wajen miliamfiya ɗaya ko biyu, hayaniyar ƙwayoyi ta kamo ta zafi ta wuce, kuma daga nan ribar ƙarin leza sai ta riƙa tsukewa, domin sigina da hayaniyar tare suke hawa. Leza mai miliwat 20, in aka raba ta fuska biyu sannan ƙofa huɗu, miliwat 2.5 ke isa kowace fotodayod a lissafi, da asarar mahaɗa kuma sai ka sami kanka a daidai wannan wurin. Shi ya sa za ka ga yawancin risibobi suna aiki da lezar gida tsakanin miliwat 10 da 40.

Ta uku ita ce rawar ƙarfin lezar kanta. Wannan kai tsaye take hawa da kwarara, ba da tushenta ba, saboda haka ta fi sigina saurin girma. Leza mai rawar desibel 150 ƙasa da ƙarfinta a kowane haz, wadda ba laifi ce, tana ba da kusan fiko'amfiya 32 a tushen haz a kan miliamfiya ɗaya, wato ta zarce hayaniyar ƙwayoyi. Tagwayen da suka daidaita suna danne ta da desibel 20 ko fiye, ta zama ba a bakin komai ba. Waɗanda ba su daidaita ba kuwa, duk ƙarin da ka yi wa leza ita kake ciyarwa.

Ta huɗu tana zuwa ne tare da siginar, daga amfilifayoyin hasken da ke kan hanya. Lezar gida ba ta bambance ta da sigina, ninki ɗaya take yi musu. In akwai amfilifayar erbiyam a gaban risibarka, kusan tabbas wannan ce ke mulki, kuma ko ka ƙure leza ba abin da zai sauya. Wannan zai bayyana dalilin da kurakuranka ba su ragu ba. Ƙaruwarsu kuwa, zargina yana kan abu biyu: ko dai rawar leza na zubowa ta tagwayen da ba su daidaita ba, ko kuma wani abu ya cika ya fara datse kan sigina, fotodayod ko TIA ko ADC. Tunda da kayayyaki ɗai-ɗai kake aiki, na fi karkata ga na farkon, ga dalili.

Haske yana ɗaukar kusan fikosakan 5 kafin ya ratsa milimita ɗaya ta faiba. Alamarka guda fikosakan 31 ce. In igiyoyin faiba biyu da ke kai haske ga tagwaye ɗaya suka bambanta da milimita ɗaya tak, abin da ido ba zai lura da shi a kan tebur ba, to a ƙananan firikwensi debewar za ta yi kyau, har mitar kwarara ta nuna maka sifili ka ji daɗi. Amma a gigahaz 20 dannewar ta sauko zuwa wajen desibel 10. Kafin ka samu fiye da 20 a wurin, sai saɓanin ya dawo kusan fikosakan ɗaya, kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Saboda wannan ne masana'anta suka koma dunƙule mahaɗa da fotodayod a kan ƙwaya ɗaya, ta silika ko indiyam fosfaid ko silikon mai fotodayod ta jamaniyam, inda tsawon hanyoyin zane ne ke tsayar da shi ba almakashi ba. In har akwai halin samun dunƙulalliyar risiba, shawarata ka same ta, ka sa ƙarfinka a kan auna ta. In babu, to layin jinkiri mai daidaituwa da ɗan maragin haske a ƙafa ɗaya ta kowane tagwaye ba ado ba ne, wajibi ne.

Abin da za ka bar wa lissafi da zuciya ɗaya

Saɓanin isowa tsakanin I da Q, ko tsakanin fuska da fuska, wani abu ne daban, domin kowanne yana da ADC ɗinsa, an rubuta shi cikakke. Haka in mahaɗa ta ba da digiri 85 maimakon 90, ko I ta fi Q ƙarfi. Duk waɗannan suna gyaruwa, da sharaɗin a gyara su da farko, kafin matatar bazuwa, saboda ita tana cakuɗa I da Q, kuma in ta cakuɗa su a karkace ɓarnar ta bazu ko'ina. Ɗalibai da yawa suna sa wannan gyaran a ƙarshen layi, inda na ɓangaren mai aikawa ya kamata ya zauna, sai su rasa dalilin da gwajin gaba-da-gaba, na haɗa mai aikawa da risiba ba doguwar faiba a tsakani, ya yi kyau amma ya rushe bayan an sa faiba mai tsawo.

Bazuwar launi ita ce babbar nasarar DSP. Faiba ta gama-gari mai lambar G.652 tana baza sigina kusan fikosakan 17 a kowace nanomita a kowace kilomita. Siginarka ta mamaye kusan rubu'in nanomita, saboda haka bayan kilomita 1000 alama guda ta malale a kan maƙwabta kusan 140. Matata guda a fagen firikwensi tana tattaro ta, kusan ba asara. Daga nan sai nemo agogo, sai matata mai koyo ta biyu-da-biyu da ke warware fuskokin, yawanci da dabarar da Godard ya fitar a 1980 ta tilasta wa ɗigo zama a kan da'ira guda. Ka sa mata ido, takan fito maka da fuska ɗaya a ƙofofin biyu, taswirar ɗigon ta yi kyau ƙwarai amma rabin saƙon babu. Ratar firikwensi kuwa, gigahaz ɗaya tana juya taswirar digiri 11 da 'yan kai a kowace alama. Ɗigon QPSK suna kan digiri 45, 135, 225 da 315, in ka ninka kowace kusurwa sau huɗu duk sai su faɗa kan 180, saƙon ya goge, juyawar kaɗai ta rage a auna. Wannan dabarar tana kama rata har kashi ɗaya cikin takwas na gudun alama, gigahaz 4 a wurinka. Irinta ce Viterbi da Viterbi suka tsara a 1983 don bin kusurwa, kuma rauninta shi ne takan zame da digiri 90 ba sanarwa, shi ya sa ake sa alamomin jagora ko a ɗaura saƙon a kan bambancin alama da ta gabanta.

Game da siririn layi, gaskiya QPSK a gudunka ba ta da tsanani. Leza biyu masu kilohaz 100 kowace, in ka raba jimlarsu da gudun alama, kashi 6 cikin miliyan ne, alhali QPSK tana jure wajen ɗaya cikin dubu goma. Inda siririn layi ke zama dole shi ne in ka hau tsarin 16QAM mai ɗigo goma sha shida zuwa sama, ko hanya ta yi nisa. A hanya mai nisa akwai wani abu da ba kowa ke tunawa ba: rawar kusurwar lezar gida ba ta ratsa faiba ba, amma tana ratsa matatar da ke warware faibar, sai matatar ta baza ta, ta koma hayaniyar da mai bin kusurwa ba ya iya kamawa. Tana ƙaruwa da tsawon hanya da gudun alama da faɗin layi. Saboda haka in lezarka biyu ba su kai juna kyau ba, mai kyan ta zauna a risiba.

Yadda nake gwada risiba kafin in yarda da ita

Ba na fara wa da sigina mai saƙo. Da farko ina rufe ƙofar sigina, in kashe lezar gida, in ɗauki hayaniyar kowace tasha huɗu. Sannan in kunna lezar in riƙa ƙara ta kaɗan-kaɗan ina zana ƙarfin hayaniya a kan kwarara. Miƙaƙƙen layi yana nufin hayaniyar ƙwayoyi ce, lafiya lau. In ya fara lanƙwasa sama, rawar leza ce ke zubowa. In ya kwanta, wani abu ya cika. Wannan zanen guda ɗaya zai gaya maka wanne ne cikin zargina biyu, kuma zai nuna maka inda za ka tsayar da lezar.

Bayan haka ina shigar da leza ta biyu marar saƙo, in matsar da ita gigahaz ɗaya daga ta gida, in zana I a kan Q. Risiba mai lafiya da'ira take zanawa. In ta fito kamar ƙwai a tsaye ko a kwance, ƙarfin I da Q ne bai zo ɗaya ba. In ƙwan ya karkata, kusurwar mahaɗa ce. In gefunan sun baje kamar ana neman murabba'i, datsewa ce. Sai in riƙa matsar da lezar zuwa gigahaz 5, 10, 20, ina auna kusurwar da ke tsakanin I da Q. Inda layin ya fara shi ne kuskuren mahaɗa, gangarensa kuma saɓanin isowa: fikosakan 5 yana ba da digiri 18 a gigahaz 10. Ka rubuta waɗannan lambobin ka sa su cikin lissafinka a matsayin tsayayyun gyare-gyare, kada ka bar matata mai koyo ta yi ta lalube.

Abu biyu na ƙarshe kan teburin gwaji. Ina zaton osiloskof ne ADC ɗinka. Samfur biyu a kowace alama sun isa, wato biliyan 64 a sakan, amma ka kula da ma'aunin tsaye. Bit takwas ne a rubuce, a aikace a wannan gudun biyar zuwa shida ne masu amfani. Siginar da ta bi faiba mai nisa ba ta da matakai kuma, ta zama kamar hayaniya mai tsalle-tsalle, ƙololuwarta takan kai ninki uku ko huɗu na matsakaicin girmanta. Ma'aunin da ya dace da gwajin gaba-da-gaba zai datse ta, wanda ya yi faɗi da yawa kuma zai zubar maka da bit. Sannan kada ka raba leza ɗaya ta yi maka aikawa da lezar gida ta gajeriyar hanya. Rawar kusurwar za ta soke kanta, ratar firikwensi ta zama sifili, sakamakon ya yi kyau, amma ba risibar gaske ka gwada ba.

Duk abin da na faɗa ya tsaya ne a kan ɓarnar da ke bin miƙaƙƙen lissafi. In ka tura haske mai ƙarfi cikin faiba har gilashin ya fara sauya kusurwar sigina gwargwadon ƙarfinta, ka shiga wani babi, inda gyaran lissafi ke cin wuta da yawa ya ba da riba kaɗan, kuma risiba mai kyau ba za ta cece ka ba. Haka kuma ban ga teburinka ba, daga bayaninka nake hasashe. Ka yi gwajin hayaniyar nan na farko a tashoshi huɗun, ka haɗa da kwararar kowace fotodayod cikin takwas ɗin a ƙarfin lezar da kake amfani da shi, ka turo mini. In tasha ɗaya ce kaɗai ta lanƙwasa, mun san igiyar faibar da za a fara aunawa.